Malcolm Thwaite Yana Son Layin Gaba

"Wannan baban mai sanda fa? Jika ya zo ɗauka?"

"Rufa wa kanka asiri. Yana tsalle a gidan nan tun babarka tana rarrafe."

Malcolm Thwaite ya ji su sarai, samari biyu a bayansa a layin shiga gidan kiɗa, ranar Lahadi da yamma, ana yayyafi irin na birnin Leeds na Ingila. Bai juya ba. Matarsa Maureen ta ɗan zungure shi.

"Ka ji ko? Ka zama kayan tarihi."

Malcolm mai raba wasiƙu ne. Rayuwarsa duka a ƙafa ya yi ta: da safe jaka a kafaɗa, ƙarshen mako kuma yana gaban dandamali, inda masu son kiɗan fank, mai sauri da hayaniya, ke ture juna da kafaɗa. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a bakin ƙofar wani gida. Ya tashi yana jan ƙafar hagu, da baki mai nauyi, da tsoron faɗuwa wanda ya fi su duka. Ya daina fita. Faya-fayansa na kiɗa ma ya daina taɓawa.

Maureen ce ta shigo da wani sabon faifai wata rana, na wasu yara 'yan unguwa masu kiran kansu Rufi Mai Yoyo. Su suka ɗauki abinsu, su suka buga, har bangon ma da hannu aka zana shi.

"Mai shagon faifan ya ce hayaniya ce zalla. Na ce to, na mijina ne."

Ya sa shi don kada ta ji haushi. Mai gangar gaggawa gare shi kamar wanda ya bar tukunya a wuta, jitar tana karce kunne, muryar yarinyar da ke waƙar kuma tana tsagewa amma ba ta fasawa. Ba wani abin azo a gani take rerawa ba: jiran bas cikin ruwa, ɗaki mai sanyi, uwa da ke dawowa aiki a gajiye. A waƙa ta uku Maureen ta leƙo daga kicin ta ga ƙafar hagun tana buga ƙasa. Ta koma ta ƙara masa shayi.

Da faifan nan ya koyi tafiya, daga firji zuwa taga. Amshin waƙoƙin ya riga gaisuwa fita daga bakinsa daidai. Yaran ba su san shi ba, shi kuwa yana jin ba wanda ya yi masa abin da suka yi.

Yau ga shi ya zo kallon wasansu. Da suka shiga gidan kiɗan, Maureen ta samo masa kujera can baya, kusa da ƙofa. Ya zauna. Gangar ta tashi, gaban dandamali ya hautsine. Yana kallo wata yarinya ta zame ta faɗi, kafin ta kai ƙasa sosai hannaye sun ɗago ta, an buga mata kafaɗa, ta ci gaba. Dokar wurin ke nan tun zamaninsa: wanda ya faɗi, na kusa ne ke ɗaga shi.

Ya miƙe. Maureen ta dube shi, ta dubi taron.

"In ka karye, kai da asibiti. Ni ba ruwana."

Amma ta matsa masa. Ya dafa wani ƙato mai askakken kai da ke tsaye a gabansa, ya tattaro kalmomin a hankali.

"Ɗana, gaba nake so. Ka tsaya a haguna, in na tafi ƙasa ka ɗago ni."