Baba Sale da Hanyar Kifi

Duk wanda ya san Baba Sale, yayan mahaifina, ya san ba a ganin kekensa ba garwa biyu ɗaure a baya. Ba kananzir ba ne a ciki, ba man gyaɗa ba. Ruwa ne da 'ya'yan kifi. Da zarar rani ya tsananta, ƙananan kududdufai sun fara ƙafewa, sai ya riƙa bin su yana tsince abin da ya rage a taɓo, ya kai babban tafkin da ke wajen Ɗanbatta. In an tambaye shi dalili sai ya ce, "Zumunci a ƙafa yake. Kifi ba shi da ƙafa, to ni ne ƙafarsa."

A shekarun fari abin ya zama rigima. Matarsa, Inna Kulu, takan yini a bakin rijiya kafin ta samu tulu ɗaya. Wata rana ta buɗe randa ta tarar da tarwaɗa uku suna iyo.

"Malam! Ruwan tuwo ne fa!"

"Baƙi ne, Kulu. Jibi za su wuce."

"Wallahi in suka kai jibi, a miya za su wuce."

Ko la'asar ba a yi ba ya ɗora baƙinsa a keke.

Sai maganar gaiwa, kifin nan da ke shigewa cikin laka ya kwanta har ruwa ya dawo. Maƙwabcinsa Malam Idi ya je haƙar ƙasar gini a busasshen kududdufinmu. Baba ya zauna a gefensa, duk dunƙulen da aka haƙo sai ya fasa ya duba.

"Haba Sale! Ɗaki zan gina, ba gari nake tankaɗewa ba."

"Gina abinka. Amma in damina ta zo katangarka ta fara motsi, kada ka ce aljanu ne."

Gaiwa biyu ya samu ranar. Malam Idi ya roƙi ɗaya don miya, Baba ya mayar da su rami ya rufe, ya zauna a kai.

Babbar rigimar ita ce ta ɗan kwarin da ya ratsa gefen gonarsa. Ta nan ruwan rafi ke bi da damina ya shigo kududdufin gari, kifi ya biyo shi. A shekarun nan babu inda ke riƙe danshi kamar wurin. Ƙauyukan da ke kusa duk sun tare nasu kwarin da ƙasa sun shuka. Rumbun Baba kuwa babu ko dami, sau da yawa daga gidanmu ake kai musu tuwo. Mahaifina ya same shi a zaure, ina zaune.

"Yaya, ka tare wurin nan ka shuka dawa. Iyalinka suna jin yunwa."

"Na sani. Ni ma cikina ba dutse ba ne."

"To mene ne?"

"Hanya ce. Ka taɓa ganin an shuka dawa a hanyar kasuwa don ranar kasuwa ba ta zo ba?"

Mahaifina ya kaɗa riga ya fita, sun yi wata ba sa doguwar gaisuwa. Ba zan ce Baba bai cuci kansa ba. Ya rame ƙwarai, Inna Kulu ma haka.

Shekarar da ruwa ya dawo, kwarin ya cika, tarwaɗa da karfasa suka hauro har kududdufinmu. A ƙauyukan da suka tare nasu, sai kwaɗi. Ranar su, da gari ya fito kamun kifi, Baba ya tsaya a bakin ruwa da sanda, duk wanda ya kama ƙarami sai ya ji, "Kai! Mayar da shi, bai yi aure ba!" Da yamma Malam Idi ya kawo masa gasasshiyar tarwaɗa, guda, don godiya. Baba ya toshe hanci.

"Ɗauke min! Ni tun da nake ban taɓa cin kifi ba. Ƙarninsa ma ba na so."

Malam Idi ya daɗe tsaye da kwano a hannu, sannan ya ce, "Sale, Allah Ya shirye ka."

Bayan rasuwarsa aka zo rabon gona. Da igiyar awo ta iso bakin kwarin, 'ya'yansa suka dubi juna, babban ya naɗe igiyar ya tsallaka. Har yau ba a sa garma a wurin.

Allah Ya jiƙan Baba Sale, Ya sanyaya makwancinsa. Yunwar da ya daure mata don halittun da ba su iya ce masa sannu, Allah Ka sa ya tarar da ita a mizani. Amin.