Adon Suwaiba Ya Riga Ta Shiga Maraɗi

Duk wanda ya san layin 'yan gwanjo a kasuwar Jibiya ya san Suwaiba. In an fasa dilar kaya ba ta shiga rububi. Sai kowa ya gama kwasar na kirki ta zauna kan abin da aka raina: wando mai yagaggiyar gwiwa, labulen da rana ta cinye, rigar da ba ta da hannu ɗaya. Ta wanke, ta yayyanka da almakashi, ta harhaɗa a keke, su fito shimfiɗar gado da rigar filo. A Mazanya aka haife ta, uwarta masaƙiyar faifai ce, kuma adon faifan nan ta ɗauko ta mayar kan ƙyalle, zobe cikin zobe, da haƙora ja da baƙi a gefe. Da shi ta aurar da 'ya'ya mata, da shi ta ci da gida bayan rasuwar mijinta. 'Yan Maraɗi sun fi kowa so, musamman Hajiya Fatu, dillaliyar kayan ɗakin amare, wadda kan kwashe rabin abin da ta ɗinka.

Sai aka rufe boda. Kaya suka taru a ɗaki har kan gado, ɓera ya fara yi musu ɓarna.

A wannan tsakanin Abdulbaƙi ya dawo daga Katsina da inji, ya buɗe shago. Ɗanta ne na fari, ya koyo aikin kwamfuta. Injin kuwa abin kallo ne: a shimfiɗa masa tsumma, wani siririn haske ya bi zanen da aka sa a kwamfuta ya yanke shi tsaf, gefen ko zare ba ya warwarewa. Abin da kan cinye wa Suwaiba yini, kafin a sha ruwa ya gama. Ta ji daɗi, amma ba ta faɗa masa ba, don ba a magana da ɗan fari. Tun yana jariri kakarsa ta ɗauke shi. Sunansa bai taɓa fita bakinta ba, "wancan" take ce masa, in da saƙo ƙanwarta Ummusalma ke kaiwa.

Ranar da ya shigo ya baza shimfiɗarta a tsakar gida yana ɗaukar hoto da waya, tana tsaye tana gani. Ranta bai so ba. Tambaya ta zo mata har leɓe, ta haɗiye, ta kau da kai ta shige madafi. Kunya abin kirki ce, ba mai musu, amma ta ranar nan ta cuce ta.

Ashe ya mayar da adon cikin kwamfuta ya tura wa wani abokinsa mai irin injin a Maraɗi. Kyauta ma, don a ce masa gwani. Kayan uwarsa na jibge ɓera na ci, an hana su tsallakawa, adonta kuwa ya wuce ta waya ko tsayar da shi ba a yi ba. A bakin Ummusalma ta ji, ita ma sai da ta yi ta kwana-kwana kafin ta faɗa.

Suwaiba ta yafa mayafi a karkace ta nufi shagonsa, janareto na ruri, mutane cike.

"Abdulbaƙi."

Kowa ya juyo. Shi kansa sai da ya waiga ko da wani take.

"Wa yab ba ka? Na uwata ne. Idona ya mutu kan abin ga, kai ka ɗauka ka yi gwaninta da shi."

Ya sunkuyar da kai, ya ce zai goge shi daga kwamfutar yanzu-yanzu. Ta tambaye shi na Maraɗin fa, shi ma zai gogu? Ya ce abokin ya riga ya tura wa wasu. Ba ta zage shi ba, abin ya fi ƙarfin zagi. Ta koma gida, takaici goma da ashirin, ga ado ya tafi, ga sunan da ta riƙe tun ƙuruciya ta zubar a gaban 'yan kallo.

Da aka buɗe boda bayan dogon lokaci ta ɗaure kayanta, ta zaɓi waɗanda ɓera bai taɓa ba, ta hau mota da kanta. A kasuwar Maraɗi tun daga bakin layi ta fara cin karo da zobe cikin zobe, rumfa bayan rumfa, har a jakar 'yan makaranta. Ta daure ta ƙarasa wurin Hajiya Fatu. Aka gaisa, aka tambayi mutanen Jibiya. Ta kwance ɗauri ta baza mafi kyau a ciki, wanda ta ɗinka da hannunta kafin injin ya zo.

Hajiya Fatu ta shafa, ta juya bayansa, ta duba ɗinkin, ta ajiye.

"Haba Suwaiba, ke da ad da hannu mai kyau," in ji ta. "Ke ma kin koma kwaikwayon na Maraɗi?"