Alhaji Mailafiya Ringim da Garin da Ya Buga a Juye

Haihuwa da Tasowa

An haifi Alhaji Mailafiya a garin Ringim a shekarar 1951, a gidan Malam Abdulganiyyu masassaƙi da maiɗakinsa Mairama. Ya yi karatun allo har ya sauke, sai dai gizago ya fi alƙalami zama a hannunsa, domin tun kafin ya kai munzali yake fafe turmi da akushi a gaban mahaifinsa.

Zaman Makka da Sana'a

A shekarar 1977 ya zo aikin Hajji tare da amaryarsa Rabi, 'yar unguwarsu, bayan an kammala kuma suka yi zamansu a unguwar Mansur ta Makka ba tare da iƙama ba, wato takardar izinin zama. Wannan al'amari shi ya ɗaure shi har ƙarshen rayuwarsa, domin in ya fita daga ƙasar babu halin dawowa. Ya sami aiki a unguwar Kudai, a shagon kayan gyaran mota na wani Hamad, jikan Hausawa haifaffen Makka.

Duk sabuwar shekara, kamfanin Japan da ke aiko musu da kaya yakan haɗo da kalanda mai ɗauke da tsoffin zane-zanen ƙasarsu, irin waɗanda ake sassaƙawa a katako, a shafa launi, a ɗora takarda a murza. Abokan aikinsa shimfiɗa ta suke yi su ci shinkafa a kai. Shi kuwa tun ranar da ya ga zanen ruwan sama yana zuba a karkace a kan wata gada, kowane ɗigo da sawun wuƙarsa, ya kamu da son abin, har ya ce rabonsa da damina ta sosai tun Ringim. Daga nan babu kalandar da ta sake ganin miya.

Iyali

Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu, waɗanda suka tashi ana yi musu Hausa suna amsawa da Larabci. Ringim a wurinsu suna ne kawai a ƙarshen sunan Baba, wannan kuwa ya daɗe yana ci masa rai. Hotunan waya ma ba su yi magani ba, don garin siminti suke nunawa, ba wanda ya baro ba.

Shekarun Ƙarshe

Da ya ajiye aiki a shekarar 2016, sai ya ƙudiri aniyar sassaƙa Ringim ta zamaninsa, ya buga wa kowane ɗa nasa. Ɗansa Marwan ya nuna masa a waya yadda Japanawa suke yi. Bai kai rabi ba ya miƙa wayar, ya ce ɗan masassaƙi ba a koya masa katako. Abin da ya tsallake shi ne, su kifa zanen suke yi a kan allo kafin su sa wuƙa, domin abin da aka sassaƙa a juye yake fitowa a takarda. Shi ya zana garin kai tsaye yadda yake a ransa, kogi da rimaye da masallacin Juma'a, babu mutum ko dabba saboda taka-tsantsan na addini. Ya shekara biyu a kan katakon akwatunan kaya, kowane launi da allonsa, da bula da lalle da tawadar allo, alhali ciwon suga yana cinye masa gani.

Ranar da ya ɗaga takardar farko, Hajiya Rabi ta daɗe tana dubawa kafin ta ce, “Alhaji, ai ka juya mana gari. Masallaci ya ba alƙibla baya.”

Idon da zai sake aikin ya riga ya tafi. Ya yi baƙin ciki matuƙa, ya ƙaurace wa abinci, har ya ambaci ƙone allunan. Hajiya Rabi ta hana, ta kuma jingina takardun a gilashin taga, fuskarsu na kallon waje, don kada jikoki su taka. Da hantsi ya dako, launin da ya ratsa takardar ya bayyana ta bayanta, sai ga Ringim tsaye daidai. A Juma'ar nan ya tara 'ya'yansa a gaban tagar, ya lalubo wani lungu da yatsa, ya ce, “Ga ƙofar gidanmu. Duk wanda Allah ya kai shi a cikinku, ya yi sallama ya shiga, shi ba baƙo ba ne.”

Rasuwa

Allah ya karɓi ransa a watan Sha'aban na shekarar 2021, bayan gajeriyar jinya. An sallace shi a Harami bayan La'asar, aka yi masa sutura a maƙabartar Shara'i. Ya bar matarsa Hajiya Rabi da 'ya'ya huɗu: Mudassir, direba a Kudai, Marwan, mai gyaran waya a Rusaifa, Mujahida, da auta Arwa. A ɗakin kowannensu akwai takarda manne a taga, ta ba ɗaki baya, kuma baƙon da ya kai hannu zai gyara ta, da Hausa ake ce masa ya bar ta haka, garinsu ne. Allah ya jiƙansa, ya kyautata makwancinsa.