Faɗan Inna a Wayar Kamfani

Dogo bai gaji ɗinki ba. Ko maɓalli ya ɗinka sai an warware. Mahaifiyarsa Inna, tela ce mai kaifin baki, ta gaji da faɗa ta bar shi da kwamfutarsa a lungun shago, tsakanin ƙyallaye da dutsen guga.

Da idonta ya fara rauni, sai ya haɗa mata manhaja a waya: a shigar da awo, ta faɗi yadin da za a yanka. Ya sake ta kyauta ga kowane tela, da sharaɗi ɗaya a takardar izinin amfani da ita: a ɗauka, a gyara, amma kada a goge sunan Inna.

Wani kamfani ya ɗauka, ya goge sunan, ya sauya launi, ya hau sayarwa. Dogo ya yi musu magana cikin mutunci. Don tsabar rashin kunya, sai suka baza hotonsa a intanet, wai shi ne ɓarawon manhajarsu. Makarantar da yake koyarwa ta dakatar da shi. Amma abin da ya fi ƙona masa rai, ranar da wata mai kawo ɗinki ta nuna wa Inna hoton, tsohuwar ta rufe kekenta, ba ta sake buɗewa ba.

Ya kai ƙara kan satar fasaha da ɓata suna. Lauyoyi suka yi ta zuba har alƙaliya ta fara murza goshi. Sai Dogo ya roƙi a buɗe manhajar kamfanin, a shigar da ƙugun da ya fi ƙofar kotun faɗi. Magatakarda ya shigar.

Wayar ta daka tsawa da muryar tsohuwa: "Kai Dogo! Mutum kake aunawa ko randa? Sake awo!"

Tun farko Dogo ya naɗi faɗan Inna ya ɓoye a cikin manhajar don tsokana, ba ya fitowa sai an shigar da awon shirme. 'Yan kamfanin ba su taɓa cin karo da shi ba, domin babu mai irin wannan shirme a awo sai Dogo.

Inna ta miƙe daga benci. "Ni ce, ranki ya daɗe. Kuma har gobe bai iya ba."

Kotu ta ɓarke da dariya, Dogo kuwa hawayen daɗi yake sharewa. Aka umarci kamfanin ya mayar da sunan, ya kuma janye ƙazafin a inda ya baza shi.

Washegari da ya iso shago, tun daga bakin titi ya ji ƙarar keken.