Burkutun Farko na Saratu

Shekara tara ke nan da rasuwar matata Saratu. A irin wannan lokaci ne, ruwa ya fara zama, ƙasa ta yi laushi. Ciwon bai daɗe ba. Da ƙafarta ta shiga asibiti, a bayan mota muka dawo da ita. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba sai yau, kuma ba zan iya faɗin duka ba. Abu ɗaya na zaɓa, shi ne burkutun da ta fara dafawa a gidanmu na Maikunkele.

Na san akwai masu karatu da kalmar ba za ta yi musu daɗi ba, ina ba su haƙuri. Ita ma Saratu ba ta taɓa kai shi bakinta ba har ta koma ga Mahaliccinta. 'Yar Sabon Gari ce, tela, mahaifinta dattijo ne a ikilisiya, gidan da ko ƙwaryar giya ba ta shiga. Mu kuwa manoman doya ne. A wurinmu idan ka kira gayya, maƙwabta suka zo da garmunansu suka taya ka huɗa, tuwo da burkutu ne ladansu. Gidan da ya tara mutane bai fito da randa ba, za su yi masa aikin ranar don kunya, amma baɗi ko ya kira ba mai amsawa.

Mahaifiyata ce ke dafa na gidanmu. A shekarar da muka yi aure shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita, hannun dama ya daina aiki. Mahaifina ya riga ya rasu, ni kuma ina walda a Kpakungu, gonar ta fi ƙarfina ni kaɗai. Ga shi an riga an sa ranar gayya. Na ce mu sayo a wani gida. Mama ta kawar da kai, ta ce gidan nan bai taɓa shayar da gayya giyar wata mace ba.

Saratu tana shara, sai ta jingine tsintsiya.

"Mama, ki gaya mini yadda ake yi."

"Ke? Babanki ya ce mun lalata masa 'ya?"

"Ai ba sha zan yi ba. Ke ce baki, ni ce hannu."

Haka aka yi. Aka shimfiɗa wa Mama tabarma a gindin mangwaro, tana faɗa, Saratu tana yi. Ta jiƙa dawa, ta baza ta, ta rufe da ganye har ta yi tsiro. Ta shanya, ta kai inji, ta dama, ta dafa. Hayaƙi ya mayar da idonta ja, itace ya farfasa yatsun da suka saba da allura. Duk da haka waƙar coci take rerawa a bakin murhu, Mama tana ce mata ta rage murya kada giyar ta tuba.

Wata rana Mama ta yi barcin rana, Saratu ta leƙa randunan da za a zuba giyar ta kwana. Ta ga cikinsu baƙi, da ɓawo a manne, ga warin tsami. Ta ɗauko soso da sabulu ta goge su har jar ƙasa ta fito, ta ɗauraye da ruwan zafi, ta kife su a rana. Don ta faranta wa Mama ta yi. Ba wanda ya gaya mata cewa ɓawon nan shi ne iri, wato ragowar tsohuwar giya da ke tada sabuwa. Mama kuma bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa akwai macen da ba ta san haka ba.

Ana gobe gayya, da safe muka buɗe randa. Ruwan yana kwance shiru, ba kumfa ko kaɗan. Mama ta sa muka matso da ita kusa da randar, ta sunkuya ta shaƙa.

"Ƙanshin me nake ji?"

"Sabulu ne, Mama. Na wanke su."

Mama ta ɗago kai daga randar. Can ta ce, a hankali, uwarta ce ta ba ta randar nan da abin da ke cikinta. Ba ta yi faɗa ba, kuma ina jin da ta yi da ya fi sauƙi. Saratu ta durƙusa tana kuka.

"Tashi, 'yata. Ɗauki ƙwarya ki je gidan Ladi."

Gwaggo Ladi tsohuwa ce mai dafa burkutu a ƙarshen gari. Ni na kai Saratu a kan babur. Tana ganinmu ta riƙe haɓa.

"A'a! 'Yar dattijon coci da ƙwarya a ƙofata? Fasto ne ya aiko ki?"

"Gwaggo, iri nake roƙo. Na wanke randunan Mama."

"Da me?"

"Da sabulu."

Gwaggo ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. "Saura gonar, ki je ita ma ki wanke ta!" Da ta share hawaye, ta shiga ɗaki ta ɗebo daga gindin randarta ta cika ƙwaryar. Ta ce, "Kai mata. Kada ki gode mini, nata ne. Ita ta ba ni lokacin da na zo garin nan ina amarya kamarki."

Ranar gayya da sassafe na tarar da Saratu ta kara kunnenta a jikin randa. Ta ɗaga mini hannu in yi shiru, sannan ta ƙwala kira: "Mama, tana magana!" Kumfa ta taso har baki. Giyar ba ta yi ƙarfi ba, don ba ta sami lokacinta ba. Wani dattijo, Baba Ɗanjuma, ya kurɓa ya ce wannan giyar tela ce, da gaggawa aka ɗinka ta. Aka yi dariya, aka shanye tas, aka gama huɗar kafin rana ta karkata. Tun daga nan ita ta riƙe giyar gayyarmu, har bayan Mama ta rasu ba mai ɗanɗana mata. Da kunne da hanci take gane ta nuna.

Ina yawan tambayar kaina abin da za ta ce da ta ga yau. Gonakin da ke kusa da filin jirgin sama an yanka su filaye, rabin tamu ma ya tafi. Matan da suka rage suna dafawa sun koma durom na roba. Samari kuma ƙananan ledojin giya mai zafi suke tsotsa a tashar babur tun da safe. Na tabbata wannan zai ɓata mata rai fiye da kowa, don ita a saninta abin sha na bayan aiki ne, a fili, a gaban manya. Ban sani ba ko za ta yarda ta koya wa 'yar da ta bar mini. Ba mu kai ga yin wannan maganar ba.

Ba ta bar hoto mai yawa ba, keken ɗinkinta ma yana wurin ƙanwarta. Idan na auna abin da ya rage nata, a gona nake samunsa.

A daminar da ta rasu ban kira gayya ba. Ba mai dafawa, ni kuma ko garma ba na iya dubawa. Na sa a raina gonar ta kwana a haka. Wata safiya aka zo aka ce mini akwai mutane a gonata. Na je na tarar da su sun yi layi suna huɗa, ba kiɗa, ba ihu. Ba ni da abin ba su. Na koma gida na ɗauko jarkar ruwa, na fara ba su haƙuri. Baba Ɗanjuma ya karɓi kofi ya sha, ya goge baki.

"Bar haƙurin nan, ɗana. Saratu ta riga ta shayar da mu."

Yanzu Baba Ɗanjuma ya rasu, wasu sun koma gari, wasu ƙafa ta hana. Bana ma sun zo, 'yan kaɗan, duk masu furfura. Tun da ta tafi ban sake kiran kowa ba, kuma har yau ruwa nake kai musu.