Makullin Piyano a Gindin Fanfo

Har gobe ban manta da wata Laraba a Anka ba, tsakiyar damina, ana saura kaɗan in yi ritaya. Ku da kuka shigo sashen gyaran kayan makarantu a bayanmu kun san ni da kujeru da janareto. Amma aikin da na fi so shi ne piyano. Ina babban jami'in fasaha a lokacin, wato mai kula da masu gyara a shiyyar Anka, Gummi da Bukkuyum, sai dai wannan aikin ban taɓa tura kowa ba, da kaina nake zuwa.

Wata makarantar sakandare tana da tsohon piyano da ake kaɗa taken ƙasa da shi a taron safe. Wayoyinsa sun yi tsatsa, suna ta tsinkewa. Ga wanda bai sani ba, kowace waya a cikin piyano naɗe take a jikin wata ƙusa, kuma da makulli na musamman ake juya ƙusar a hankali har sautin wayar ya daidaita. To ƙusoshin wannan tsohon ba irin na zamani ba ne, kansu a baje yake. Makullin ofis ba ya kama su.

Tun da bazara na danna kakin zuma a kan ƙusa ɗaya, na ɗauki siffarta, na hau babur zuwa Gummi wurin Baba Ummaru, wani tsohon maƙeri. Ya juya kakin a hannunsa ya ce, "Wanga ba aikin gaggawa na ba, ɗana. In sauri kakai, tahi kasuwa." Da kik ɗin wani mataccen babur ya ƙera min makullin. Na yi ta zirga-zirga, in gwada in dawo masa da shi, shi kuma yana gogawa da magagari kaɗan-kaɗan, har ranar da makullin ya zauna a kan ƙusa ba ko motsi. Ya kuma haɗa min manaɗin waya da hannun fedar keke. Kafin ruwan farko ya sauka Allah ya yi masa rasuwa.

Ranar Larabar na cire tsofaffin wayoyi, na sa sababbi kusan rabi, sai aka kira azahar. Na jera kayana a kan piyano, na ja ƙofar zauren, na tafi masallaci, daga nan na tsaya cin abinci. Da na dawo, komai na nan ban da makulli.

Maigadi ya ce in ga mataimakin shugaban makaranta, Malam Sanusi. Na same shi a gindin fanfon tuƙa-tuƙa da ya kwana biyu a lalace. Yanzu ruwa na zuba daga fanfon, ɗalibai sun yi layi da bokitai, shi kuma sai fara'a yake.

"Injiniya, Allah shi saka da alheri," in ji shi. "Sifanarka munka ara. Mai gyaran hwanhwo ya baro tashi gida."

Kun san al'adarmu. Kayan aiki ba a hana aronsa, fartanya ce ko gatari, kuma ba lallai sai mai shi yana nan ba. Ban ƙi wannan ba. Na miƙa hannu ya ba ni. Na duba bakin makullin. An ƙwaƙule shi da inji, ya koma wawakeken rami.

"Malam, mi kunka yi mishi?"

"Ai ba ta shiga noti, bakin ya yi ƙanƙane. Sai nis sa anka kai wa mai walda yaƙ ƙara mata hwaɗi. Yanzu ko'ina sai ta yi maka aiki."

Wato gyara min suka yi, har yana jiran godiya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na gaya masa ba sifana ba ce, don ƙusoshin piyanonsu kaɗai aka ƙera shi, kuma wanda ya ƙera yana kabari.

"Haba Injiniya, ƙarhe na hwa," ya ce. "Yara su kwana da ƙishirwa sabili da kiɗi?"

Wannan maganar ta fi ƙona min rai. Nan take ya mai da ni mai hana yara ruwa, alhali masu gyaran babur na nan a ƙofar makarantar, kowanne da sifanar da ta dace, kuma ba wanda zai hana shi aro.

Na koma Gummi da kakina. 'Ya'yan Baba Ummaru yanzu diga da shebur suke ƙera wa masu haƙar zinari. Babbansu ya yi ƙoƙari, amma makullin farko da ya ƙera zamewa yake, na biyu kuma ya cinye kan ƙusa, sai na ce ya bari. Na kai kuka wurin daraktanmu, ya ce tunda an samu ruwa in yi haƙuri.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe shi. Mutanenmu ba ɓarayin kayan aiki ba ne. Amma abin da ba su san amfaninsa ba, ɗauka suke ba a gama shi ba, sai su ƙarasa maka da zuciya ɗaya. Duk ƙarfen da aka ƙera don aiki guda tak, a aljihunka yake zama, ko masallaci za ka.

Piyanon na nan jingine da bango da rabin wayoyinsa, ana ajiye alli a kai, taken ƙasa kuma da baki ake yinsa. Bayan mako Malam Sanusi ya aiko, wai tunda makullin ba ya min amfani in bar musu. Na bar musu. Yana rataye a ɗakin maigadi, suna kiransa sifanar Injiniya.