Baba Sumani, Mai Riƙon Makullin Ɗakin Ibadar Yahudawa

Da ya idar da sallar asuba a masallacin titin Grand Concourse da ke unguwar Bronx, Baba Sumani kan hau jirgin ƙasa na layin D zuwa kudancin Manhattan. Shekara ashirin da shida ke nan yana buɗe wani tsohon ɗakin ibadar Yahudawa, ya share, ya goge fitilu, ya duba inda ke yoyo. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Waɗanda suka gina wurin baƙi ne irinmu, teloli da 'yan talla da suka gudo daga Rasha da Poland sama da shekara ɗari da suka wuce. A cunkushe suke kwana a ɗakunan haya, amma suka ɗaga wa ibadarsu dogon rufi mai lanƙwasa kamar bakan gizo, da benen mata, da zagayayyar taga mai gilashi kala-kala. Jikokinsu suka watse, tattabaru suka tare. A haka aka ɗauki Baba, kafinta daga zangon Kumasi, aiki cikin masu gyara. Daga baya aka damƙa masa makullin wurin.

Rafia, mai zagayawa da masu ziyara, ta ba ni labarin ranar da ɗan kwangilar gyaran ya ce a ɓamɓare katakon daɓen, wai ya lotsa. Baba ya tsaya a kai, ya ce, "Oga, ba lalacewa ba ce. Ƙafafun masu addu'a ne suka cinye shi. In kora ce ka kore ni, amma ba da hannuna ba." Sati guda aikinsa na lilo, kafin kwamitin ginin ya zo ya gani, ya ce a bar katakon.

Bara wata tsohuwa ta zo daga Ohio da lambar kujerar kakanta. Baba ya kai ta gaban kujerar, ta sa ƙafa inda kakan yake tsayawa, ta fashe da kuka. Ta tambaye shi me ya haɗa Musulmi da wannan ɗawainiya. Ya ce, "Mama, masallacinmu na Bronx tsohon shago ne. Ina fata wata rana wani ya riƙe mana shi haka."

Baba, kai ne gwanin riƙon amana. Ba ka taɓa ibada a ɗakin nan ba, ba ka kuma taɓa wulaƙanta shi ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Mu da muka rage a bakin aiki, duk abin da aka damƙa mana a garin nan, ko na wane ne, mu miƙa shi ga na baya da kyansa.